Kafin Mu Ƙaddamar Da Yaƙi Kan Tsofaffin Ƙwayoyin Jikinmu

Duk mai yawan leƙa intanet a 'yan shekarun nan da wuya bai ci karo da tallan wasu kwalaben magani ba, masu alƙawarin share tsofaffin ƙwayoyin jiki domin mai sha ya dawo da ƙarfinsa na ƙuruciya. Masu tallan ba daga iska suka ƙago maganar ba. Akwai bincike na gaskiya a bayanta, wanda aka shafe sama da shekara 60 ana yi, kuma a ganina yana cikin manyan abubuwan da masana suka gano game da yadda jiki ke tsufa. Shi ya sa ma abin yake damuna. Idan 'yan kasuwa suka riga masu bincike kai ilimi irin wannan gaban jama'a, mutane za su cutu, shi kuma ilimin mutuncinsa ya zube tun kafin ya amfani kowa. Matsayina shi ne waɗannan tsofaffin ƙwayoyin jiki sun cancanci a zuba wa bincikensu kuɗi da haƙuri, amma har yau babu hujjar da za ta sa mai lafiya ya haɗiyi wani abu da nufin kashe su.

Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kimanin tiriliyan 30, kuma da yawansu suna rabuwa gida biyu domin maye gurbin waɗanda suka mutu. A farkon ƙarni na 20 masana sun yarda cewa ƙwayar jiki, matuƙar an ciyar da ita an tsabtace mata wuri, za ta yi ta rabuwa har illa ma sha Allahu. Dalilinsu shi ne aikin Alexis Carrel, wani shahararren likitan fiɗa ɗan Faransa da ke aiki a Amurka, wanda a 1912 ya ɗauki ɗan yankin zuciyar tayin kaza ya sa a kwalba, aka ce ƙwayoyin sun ci gaba da rabuwa har 1946, bayan shi kansa ya rasu. Babu wanda ya iya maimaita wannan gwaji. Zargin da ya fi ƙarfi a yau shi ne ana zuba sababbin ƙwayoyi a kwalbar ba da sani ba, tare da ruwan abincin da ake tatsowa daga tayin kaji. Amma sunan mutumin ya yi girma, don haka duk wanda ƙwayoyinsa suka daina rabuwa a ɗakin gwaje-gwaje sai ya ɗora wa kansa laifin rashin iya aiki.

Leonard Hayflick da abokin aikinsa Paul Moorhead, a cibiyar Wistar da ke Filadelfiya, su ne suka ƙi ɗaukar laifin. Sun lura cewa ƙwayoyin ɗan Adam suna rabuwa sau 40 zuwa 60, daga nan sai su tsaya. Yadda suka tabbatar da hakan yana burge ni saboda sauƙinsa. Suka haɗa ƙwayoyin namiji da suka riga suka rabu sau da yawa da ƙwayoyin mace waɗanda ba su yi nisa ba, a kwalba ɗaya, abinci ɗaya, hannu ɗaya ke kula da su. Da lokaci ya yi suka duba, sai suka tarar na macen ne kaɗai suka rage suna rabuwa. Da guba ce a kwalbar ko wata cuta, ai ba za ta zaɓi jinsi ba. Haka kuma idan aka daskarar da ƙwayoyin aka ajiye, ranar da aka narkar da su daga inda suka tsaya suke ci gaba da lissafi. Mujallar farko da suka aika wa sakamakon ta ƙi bugawa, sai wata ce ta buga shi a 1961.

Mene ne ke riƙe da lissafin? A bakin kowane zaren gado, wato kuromosom, akwai wani yanki mai suna telomiya da ke kare shi daga lalacewa, kuma duk rabuwa ɗaya sai yankin ya ɗan gajarce. Wani masani ɗan Rasha, Alexey Olovnikov, ya yi hasashen haka a 1971, kuma aikin da Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak suka yi a kan telomiya ne ya ba su kyautar Nobel a 2009. Daga baya aka gane cewa gajarcewar telomiya hanya ɗaya ce kawai cikin hanyoyi da yawa. Lalacewar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gado, hayaƙin taba, hasken da ake gasa cutar kansa da shi, magungunan kansa, yawan sukari a jini, duk suna iya sa ƙwaya ta ja birki tun ba ta cika lissafinta ba. Wasu sinadarai biyu a cikinta, p53 da p16, su ne ke kan gaba wajen kulle ƙofar rabuwa. Ƙwayar ba ta mutu ba. Tana ci, tana aiki, takan ma ƙara girma ta baje, sai dai ba za ta sake zama biyu ba.

A nan ne masu talla ke tsallake rabin labarin. Wannan tsayawa kariya ce. Kansa ba wani abu ba ce illa ƙwayar da ta lalace ta ƙi daina rabuwa, don haka ƙwayar da ta ji ta lalace ta tsaya da kanta ta ceci mai ita. A 1997 Manuel Serrano da abokan aikinsa suka sa wa lafiyayyun ƙwayoyi wata ƙwayar gado mai haddasa kansa, suna kallo, maimakon su haukace da rabuwa sai suka tsaya cak. Kuma ba sai an je ɗakin gwaje-gwaje ba. Dubi tawadar Allah da ke jikinka, ɗan baƙin ɗigon nan a wuya ko a hannu. Wani bincike da aka buga a 2005 daga Amsterdam ya nuna cewa ƙwayoyin da ke cikin irin wannan ɗigo sau da yawa suna ɗauke da gurɓacewar gado iri ɗaya da wadda ake samu a mummunar kansar fata. Sun fara yaɗuwa, suka yi ɗan girman da ido ke gani, sai birkin ya kama. Ɗigon zai zauna a wurinsa shekara 40 ko 50 bai ƙaru ba. Mutum yana yawo da shaidar wannan kariya a fatarsa bai sani ba.

To ina matsalar take? Tana cikin abin da tsayayyar ƙwaya ke yi bayan ta tsaya. Judith Campisi, wadda ta yi wa wannan fanni hidima har rasuwarta a 2024, ita da ɗalibanta suka samo hanyar rina waɗannan ƙwayoyi su zama shuɗi a 1995, aka ga suna ƙaruwa a fatar tsofaffi. A 2008 kuma suka bayyana dalla-dalla cewa ƙwayoyin suna tsiyayar da tarin sinadarai a kewayensu: masu tayar da kumburi, masu narkar da abin da ke riƙe nama, masu zuga maƙwabta su yi girma. Kamar mai ihun gobara ne. Idan ya yi ihu aka taru aka kashe wutar, ya yi aikin alheri. Idan kuwa ya shekara yana ihu ba wanda ya zo, unguwar ce ba za ta ƙara samun barci ba. A jikin matashi, sojojin garkuwar jiki suna amsa kiran, su gyara wurin, su kwashe tsayayyar ƙwayar. Da shekaru suka ja, garkuwar kan yi sanyi, ƙwayoyin su taru, kumburin ya zama na dindindin, har lafiyayyun ƙwayoyin da ke kusa su ma su tsaya. Abin baƙin ciki, sinadaran nan suna iya taimaka wa kansar da ke maƙwabtaka ta yaɗu, wato abin da ya kare mutum yana da shekara 30 shi ke juyowa kansa yana da 75. Tun 1957 George Williams ya yi hasashen cewa za a samu halaye irin wannan a halittu, masu amfani a ƙuruciya, masu cutarwa a tsufa.

Ganin ƙwayoyin a jikin tsoho bai isa ya nuna su ne suka tsofar da shi ba. Furfura ma tana jikin tsoho, amma ba ita ke kawo ciwon gwiwa ba. Gwajin da ya raba gardama an yi shi ne a asibitin Mayo da ke Amurka. Darren Baker da Jan van Deursen suka samar da ɓeraye da aka shirya gadonsu ta yadda idan aka yi musu wata allura, ƙwayoyin da ke ɗauke da p16 za su mutu, sauran su tsira. A 2011 suka nuna cewa a ɓeraye masu saurin tsufa, wannan shara ta jinkirta yanar ido da zubewar tsoka. A 2016 suka maimaita da ɓerayen da ke tsufa yadda aka saba, aka fara musu allurar suna da shekara ɗaya. Ƙodarsu da zuciyarsu sun fi na 'yan uwansu lafiya, kansa ta makara kafin ta kama su, matsakaicin tsawon rayuwarsu kuma ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 2018 ƙungiyar James Kirkland ta juya gwajin: ta dasa 'yan tsayayyun ƙwayoyi a jikin ƙananan ɓeraye masu lafiya, cikin makonni suka rage saurin tafiya, ƙarfin riƙonsu ya ragu.

Ba na raina waɗannan sakamako ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san cututtukan tsufa ba sa zuwa ɗaya-ɗaya. Ana fama da ƙoda, zuciya ta taso, ana lallaɓa zuciya, ƙafa ta ƙi ɗauka, ga magunguna bakwai ko takwas kowanne da nasa lahanin. Tunanin cewa akwai tushe guda da ke ciyar da da yawa daga cikinsu, kuma ana iya taɓa shi, babban abu ne. Wanda ya ce wannan duk shirme ne bai karanta aikin ba.

Sai dai mutum ba a sauya masa gado don a yi masa allurar ɓera, don haka aka shiga neman magani. A 2015 Kirkland da abokan aikinsa suka ba da rahoton haɗin abubuwa biyu da ke kashe tsayayyun ƙwayoyi: dasatinib, maganin kansar jini, da kuwasetin, wani sinadari da ake samu a tsirrai kamar albasa da tuffa. Aka sa wa irin waɗannan magunguna suna senolitik. A tsofaffin ɓeraye haɗin ya ƙara ragowar kwanakinsu da kashi 36 cikin 100. A lura, ragowar kwanakin ɓeran da ya riga ya tsufa tukuf ake nufi, ba dukan rayuwarsa ba, amma a talla ba a cika yin wannan bayani ba.

Ga abin da aka samu a jikin mutane. A 2019 aka gwada haɗin a kan marasa lafiya 14 masu wata cutar da ke taurara huhu. Bayan mako uku tafiyarsu ta ɗan inganta, numfashinsu bai canza ba, kuma babu rukunin da aka ba maganin wofi don a kwatanta, kowa ya san abin da yake sha. A shekarar dai aka ba mutum 9 masu ciwon ƙoda na sukari, aka ga tsayayyun ƙwayoyi sun ragu a kitsensu, wanda ya nuna maganin yana kai wa inda aka aike shi, bai nuna sun warke ba. A 2023 aka gwada a kan mutum 5 masu cutar mantuwa ta Alzheimer, don a ga ko maganin na shiga ƙwaƙwalwa kawai. Da aka zo gwaje-gwajen da ke da rukunin kwatanci, labarin ya yi sanyi. Kamfanin Unity Biotechnology ya yi wa masu ciwon gwiwa 183 gwaji da wata allurarsa ta senolitik, a 2020 ya sanar cewa ba ta fi allurar wofi ba. A 2024 masu bincike a Mayo suka raba mata 60 da suka daina al'ada gida biyu, rabi suka sha haɗin na tsawon mako 20, rabi ba su sha ba, kuma a babban ma'aunin da aka sa gaba, na zaizayewar ƙashi, ba a ga bambanci ba. An dai ga alamar amfani a wajen matan da tun farko suke da tsayayyun ƙwayoyi masu yawa.

Wannan ɗan bayani na ƙarshe, a wurina, shi ne ya fi kome muhimmanci a duk jerin. Yana nuna cewa idan ma maganin zai yi amfani, ga wanda ƙwayoyin suka yi wa yawa ne zai yi. Kuma a yau babu wani gwajin jini da likita zai rubuta ya ce wa mutum ga yawan tsayayyun ƙwayoyinka. Babu ma alama guda da ke bambanta su da sauran ƙwayoyi ba tare da kuskure ba. Rinin shuɗin nan yana kama wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ba su tsaya ba, p16 ma haka. Tsayayyar ƙwayar hanta daban take da ta huhu, daban da ta kitse, kuma maganin da ke kashe wannan ba lallai ya taɓa waccan ba. Mai sayen kwalba a intanet bai san ko yana da matsalar ba, bai san ko abin da ya sha ya kai wurin ba, ba shi kuma da hanyar sanin ko ya yi aiki.

Ga kuma haɗarin share waɗanda jiki ke buƙata. A 2013 ƙungiyoyi biyu na masana a Sifen suka gano cewa tayi a cikin mahaifa yana amfani da tsayayyun ƙwayoyi wajen tsara siffar wasu gaɓɓansa. A 2014 ɗakin binciken Campisi ya nuna cewa idan fatar ɓera ta yanke, irin waɗannan ƙwayoyi kan bayyana a bakin raunin na ɗan lokaci suna fitar da abin da ke sa ya rufe, kuma da aka kashe su raunin ya daɗe bai warke ba. A 2020 wani bincike ya cire ƙwayoyi masu p16 daga jijiyoyin jinin hantar ɓeraye, jiki bai maye gurbinsu ba, hantar ta yi tabo. A 2022 aka ga wasu a huhu suna zaune suna jiran rauni domin su taya gyara. Wanda zai sha maganin share su kwana kaɗan kafin a yi masa tiyata, ko mace mai ƙaramin ciki da ba ta ma sani ba, wa ya auna musu wannan?

Su kansu magungunan ba ruwan sha ba ne. Dasatinib yana iya tara ruwa a kewayen huhu, ya rage ƙwayoyin jini, ya jawo zubar jini. Mai kansar jini yana karɓar wannan kasada saboda abin da ke gabansa ya fi ta muni. Wani senolitik ɗin, navitoclax, yana karya ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Waɗanda aka fi sayarwa a fili, kuwasetin da fisetin, wani sinadarin tsirrai irinsa, ba su kai nan haɗari ba, amma hanji ba ya tsotsarsu sosai, kuma da shirin gwajin magungunan tsufa na gwamnatin Amurka ya ba ɓeraye fisetin a ɗakunan bincike uku daban-daban, bai ƙara musu kwana ba. A ƙasashe da yawa doka ba ta tilasta wa mai sayar da maganin ƙarin lafiya ya tabbatar yana aiki kafin ya kai shi kasuwa. Ta wannan ƙofar ake shigowa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Mai shekara 78 zai ce ba shi da shekara 15 da zai jira masana su gama gardama. Ina jin wannan har zuciyata. Wanda ke da cutar da ba ta da magani, kamar taurarewar huhun nan da kan kashe mutum cikin 'yan shekaru, lissafinsa daban ne, kuma ya dace a buɗe masa ƙofar shiga gwaji da wuri, a ƙarƙashin idon likita, ana duba jininsa. Idan ya amfana an sani, idan ya cutu an sani, na bayansa sun ƙaru. Amma tsoho mai ƙoshin lafiya da ya sayi magani a ɓoye ya sha a ɗakinsa, kasadar tasa ce shi kaɗai, kuma ko me ya same shi babu wanda zai koyi kome daga ciki. Garin neman gira kada a rasa ido.

Akwai kuma masu cewa tsufa ba cuta ba ce, a bar mutane su tsufa cikin mutunci. Na yarda tsufa ba cuta ba ce, kuma ajali ba ya hannun likita. Amma ba mu taɓa cewa a bar yanar ido ta makantar da tsoho don tana zuwa da shekaru ba. Abin da wannan bincike zai iya bayarwa, idan ya yi nasara, shi ne rage shekarun kwanciya, shekarun da sai an ɗaga mutum an kwantar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita za su kasance, inda 'ya'ya da jikoki ne ke ɗaukar jinya. Ba ma tsofaffi kaɗai abin ya shafa ba. Yaran da suka warke daga kansa sukan fuskanci raunin jiki da ciwon zuciya tun suna tsakiyar rayuwa, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ake zargi shi ne tsayayyun ƙwayoyin da maganin kansar ya bari a jikinsu. Waɗannan suna cikin waɗanda nake fata a fara dubawa.

Saboda haka inda nake so hankalin jama'a ya koma shi ne wurin wanda zai biya kuɗin aikin da ya rage, aiki mai cin lokaci wanda ba ya shiga kanun labarai. A 2021 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ware dala miliyan 125 na shekara biyar ga wani shiri mai suna SenNet, domin a zana taswirar tsayayyun ƙwayoyi gaɓa bayan gaɓa, a san ina suke, iri nawa ne, wanne ke gyara wanne ke ɓarna. Wannan ne ya kamata ya riga magani. Bayansa sai gwaje-gwaje masu ɗaruruwa ko dubban mutane, kan cuta guda sananniya, da rukunin kwatanci, a fara auna nauyin ƙwayoyin kafin a ba kowa kome, a kuma bi mutanen shekaru ana duba raunukansu da hantarsu da ko kansa ta ƙaru. A haɗa da mutanen nahiyoyi daban-daban, domin tsufan wanda ya sha fama da cututtuka masu yaɗuwa da aikin ƙarfi tun yarinta ba lallai ya zo daidai da na wanda bai sha ba. Kuwasetin da fisetin babu kamfanin da ya mallake su, dasatinib ma kamfanoni da yawa ke yin sa yanzu, don haka babu ɗan kasuwar da zai kashe maƙudan kuɗi ya gwada abin da kowa zai iya sayarwa gobe. Idan gwamnatoci da jami'o'i da gidauniyoyi ba su ɗauki nauyin wannan gwaji ba, ba za a yi shi ba, kuma za a ci gaba da sayar da kwalaben.